Baffan Maraya

Malam Sajo na unguwar Yerimaram ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana lodin shanu a Kara, kasuwar shanun Potiskum, kuma babu jaridar da ta taɓa tambayarsa yadda ake yi. Ranar da jarida ta zo ƙofar gidansa ma ba shi ta zo nema ba.

Aikinsa shi ne ya shiga cikin tirela ranar Laraba, ranar kasuwa, ya jera shanun da za a kai Kudu, ya ɗaure ƙahonninsu da igiya a jikin ƙarfe don kada su tsone wa juna ido kafin Legas. Dogo ne ƙwarai, har abokan aikinsa suka sa masa suna Falwaya. Bafulatani ne irin waɗanda kakanninsu suka zauna a gari shanun suka ƙare. Abin da ya gada daga gidansu tsawo ne da kunya, kuma bai yi wasa da ko ɗaya ba.

Da matarsa Mairam ta haifi ɗan fari, aka sa wa yaron sunan kakansa, aka riƙa kiransa Babaji. Ranar yaye, yayan Sajo, Bubayaro, wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya zo ya saɓa yaron a kafaɗa ya tafi da shi gidansa a unguwar Hausari. Haka ake yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a cewa nawa ne. Idan Sajo ya haɗu da yaron a hanya sai ya ga wani abu mai muhimmanci a ɗaya gefen titin. Idan dole ta sa ya ambace shi, sai ya ce ɗan gidan Yaya. Yaron ya taso yana kiran Bubayaro Baba, yana kiran Sajo Baffa, kuma da sunan Babaji Bubayaro ya shiga makaranta. Babu wanda wannan ya ruɗa a Potiskum. Bubayaro gajere ne mai tumbi, dillalin da sai ya hau dutse yake ganin bayan bijimi. Yaron kuwa tun yana firamare yake sunkuyawa a ƙofar aji.

A shekarar da 'yan bindiga suka far wa Kara da yammacin ranar kasuwa, Bubayaro na cikin waɗanda ba su fito ba. Sajo ne ya gano shi a bayan wata rumfa, shi ya ɗauko shi. Matar marigayin ta gama takaba ta koma wurin danginta a Fika, Babaji ya dawo Yerimaram aka ba shi ɗakin soro. Uba da ɗa suka zauna a gida ɗaya suna magana ta bakin ƙananan yara. A gaya wa wancan abinci na sanyi. A gaya wa Baffa na gode.

Ƙwallon kwando ta shigo rayuwarsu ta hannun Malam Sesugh, malamin wasanni a sakandaren da Babaji ke zuwa, ɗan ƙabilar Tibi daga Binuwai. Lokacin da 'yan'uwansa baƙi ke ɗaure kaya suna barin gari, shi ya zauna. Duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce surukarsa na zaune a gidansa na can, kuma ya auna haɗarin biyu ya zaɓi mai sauƙi. Filinsa siminti ne da ya tsattsage, kwandonsa rodi ne da mai walda ya lanƙwasa. A garin da kowane yaro ƙwallon ƙafa yake so, waɗanda tsawo ya hana su gudu da ƙwallo a ƙafa su ne rabonsa. Yakan ce bai taɓa koyar da tsaron gida cikin sauƙi kamar a Potiskum ba, domin babu yaron da bai ƙware wajen ɗaga hannu sama ba. Shingayen sojoji sun riga sun yi masa rabin aikin.

Babaji dabam ne. Ba tsawon kaɗai ba, hannun ne. Yana sakin ƙwallo daga nesa kamar mai ajiye ƙwarya a kan rumbu, ta faɗa ba ta taɓa ƙarfe ba. Sai aka rufe makarantu saboda hare-hare, aka sa dokar hana fita, filin ya koma wurin kiwon awaki. Yaron ya zauna a soro yana dunƙule tsumma yana jefawa cikin bokiti.

Wata safiya aka wayi gari an ga wani zoben ƙarfe, irin na tsohon gargaren keke, an kafe shi da ƙusa a jikin darbejiyar da ke bayan gidan. An kafa shi a tsawon da mutum ɗaya ne kawai a unguwar zai kai ba da tsani ba. Maƙwabta suka tambayi Sajo, ya ce wurin rataye guga ne. Rijiyar gidan tana can ɗaya ɓangaren. Babu wanda ya ja maganar, domin mutanen Yerimaram suna da tarbiyya. Daga ranar, duk la'asar ana jin bugun ƙwallo a bayan gida har sai an kusa rufe hanya, Sajo kuwa yana ƙofar gida yana tufkar igiya, ya ba wa wurin baya.

Da aka buɗe makarantu, Malam Sesugh ya kwashi yaransa zuwa gasar makarantun sakandare. Suka ci a Damaturu, suka ci a Bauchi, suka tafi Legas a motar haya da takalman aro. Ba su ɗauki kofi ba, amma a wasan ƙarshe Babaji ya yi abin da ya sa magoya bayan ɗaya makarantar suka miƙe suna tafa masa. Wani ya ɗauka a waya, hoton ya zagaya ƙasa. Mutanen da suka san Potiskum a matsayin sunan da ke zuwa kafin adadin gawa suka ji cewa ashe ana wasa a can.

Nan ne 'yar jarida ta zo, Adaugo, daga Legas. Dole a faɗi gaskiya a kanta: ta zo a lokacin da manyanta ke rubuta labarin Yobe daga otal a Abuja. Direban da ya kawo ta daga Jos shi ne tafintanta. Suka sami Sajo a ƙofar gida da igiyarsa, maƙwabta sun taru don ganin mace da kyamara. Ta sa aka tambaye shi, a gaban kowa, ko shi ne mahaifin yaron.

Sajo ya dubi ƙasa. Tambaya ce da ko mahaukacin unguwa ba zai yi masa ba.

"Ɗan yayana ne," ya ce.

Ta tambayi ina yayan. Ya ce an kashe shi a Kara. Ta tambayi uwar yaron. Sajo bai ga dalilin da zai sa ya ambaci matarsa a bakin titi ba, sai ya ci gaba da tufka. Maƙwabta suka gyaɗa kai don yabon mutumin da ya san ya kamata, ita kuma ta ga shaidu suna tabbatar da magana. Mairam a lokacin tana bayan katangar tana tankaɗe, tana jin komai. Direban ya fassara kowace kalma daidai, babu ragi babu ƙari. Da aka kira Babaji aka nuna masa Sajo, ya ce Baffansa ne. Da aka tambaye shi ranar Kara, ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, domin Bubayaro ne ya goya shi. Abu ɗaya kawai ya rage, wani ya tsayar da dattijon da yaron a jere ya dube su. Ba a yi ba, rana ta yi, kuma ana son a bar gari kafin a rufe hanya.

Labarin ya fito da hoton yaron a ƙarƙashin darbejiya. Maraya ne, 'yan ta'adda sun kashe ubansa, ba a san inda uwarsa take ba, wani baffa talaka ya tsince shi, kuma shi da kansa ya kafa wa kansa kwando a jikin bishiya. Gidajen rediyo suka ɗauka, talabijin ta ɗauka. Ƙasar ta daɗe tana neman labari daga Arewa maso Gabas wanda za a iya ji ana cin abinci, ta samu.

Da aka karanta wa Mairam, ta jira sai washegari, Sajo na shirin fita. Ta ce masa tun da an ce ta ɓace, idan ya ga mai kama da ita a hanyar kasuwa ya taimaka ya nuna mata gida.

Bayan ɗan lokaci wata gidauniya ta aiko cewa za ta ɗauki yaron zuwa makarantar horar da 'yan wasa a Legas, karatu da kwana da komai. Malam Sesugh, wanda ya san wanda ya haifi wa, ya zo Kara ya ja Sajo gefen wata tirela. Ya yi masa bayani a fili cewa gurbin na marayun rikici ne kawai. Za a iya gyara labarin, shi da kansa zai iya buga waya a yau, amma idan aka gyara, gurbin ya tafi.

"Malam Sajo, ba zan ɓoye maka ba. Muddin kana raye, ba shi da wuri."

Sajo ya daɗe yana kallon shanun. Sai ya tambaya ko suna ba yara abinci sosai a can, kuma ko gadajensu na da tsawo, domin ya ji yara na cewa ƙafafun wancan suna fita daga katifa. Sesugh ya ce zai bincika. Sajo ya ce to, ɗan Yaya ne, su yi abin da ya dace, ya koma cikin tirela.

Daga nan abin ya tafi da sauri. Babaji ya shiga tawagar matasa ta ƙasa. Fuskarsa ta hau manyan allunan talla a Kano da Abuja. Ana gayyatarsa taro ya ba da labarinsa, kuma labarin da aka yawaita bayarwa yakan yi ƙiba: a wani gidan talabijin har an ce a gaban idonsa aka yi, alhali yana makarantar Islamiyya a ranar. Ya ɗauki ɗabi'ar nuna sama da yatsa duk lokacin da ya zura ƙwallo, masu sharhi kuma ba su taɓa gajiya da bayyana wanda yake nunawa ba.

Gidajen kallo a rufe suke a shekarun nan, don haka a shagon wani mai aski ake ganin wasan. Sajo ya zama mutumin da ya fi kowa yawan aski a Yerimaram. Yakan zauna ya ba talabijin baya, ya fuskanci madubi, kuma madubin yana kallon talabijin. 'Yan lodi ba su ƙyale shi ba. Wani ya ce, Falwaya, ashe marigayi Bubayaro a ciki ya ɓoye tsawonsa. Wani ya ce ai irin shanun nan ne da saniya gajera ke haifar raƙumi. Sajo ya ce Allah ya shirya yaran mutane, ya sa a ƙara rage masa gefen da aka riga aka rage.

Zolayar ba ta dame shi ba, domin mai zolaya ya san gaskiya. Kunyar ɗan fari ba ta da nauyi idan kowa ya sani. Kai ka ce ba naka ba ne, gari ya ce naka ne, kowa ya samu abin da yake so. Abin da ya fara damunsa shi ne masu sani sun soma raguwa. Wasu sun mutu, wasu sun yi gudun hijira, baƙi sun cika unguwa daga ƙauyukan da aka ƙone, kuma su daga rediyo suka san Babaji. Wata mata ta tsayar da shi a hanya ta yi masa addu'a saboda riƙon maraya. Sai wata rana autarsa ta dawo daga makaranta ta tambayi Mairam, a kunnensa, ko gaskiya ne Yaya Babaji ba ɗan gidansu ba ne, domin malaminsu ya faɗa a aji. Mairam ta ce ta je ta tambayi wanda ya yi hira da jarida.

Tun daga ranar Sajo ya ƙudurta cewa zai faɗa sau ɗaya. Yaron ya riga ya gama makarantar gidauniyar, babu gurbin da zai rasa. Ba jarida yake so ba. Yana so ne ya faɗa a gaban mutane, yaron ya amsa, shi ke nan ya koma ga igiyarsa.

Dama ta zo da aka shirya wa Babaji liyafar dawowa gida a babban ɗakin taro na gari. Sajo ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya hau Keke Napep. A bakin ƙofa akwai sojoji, kuma sai mai katin gayyata. Babu wanda ya tuna ya aika wa mai lodin shanu kati. Ya tsaya a gaban wani matashin soja ya yi gyaran murya. Kalmar da bai taɓa furtawa ba tun ranar suna ta fito da ƙyar, kamar ana jan ta da ƙugiya.

"Ɗana ne."

Sojan ya yi dariya ya kira abokinsa ya zo ya ga wani uban kuma. Tun safe, in ji shi, suke korar iyaye da kawunnai. Ya ce, Baba, ko a barikinmu kowa ya san uban yaron nan ya mutu. Kuma da yake dogon mutum cikin babbar riga mai nacin shiga taro ba abin wasa ba ne a shekarun nan, sai aka ce ya ja baya, ya ɗage rigar, ya ɗaga hannu sama. Sajo ya yi. Ya iya, kamar kowa.

A haka motar baƙi ta iso. Babaji ya fito, shugabar gidauniyar na gefensa, masu kyamara na gaba suna tafiya da baya. Ya ƙara tsawo, yanzu shi da dattijon ido cikin ido suke, su biyu sun zarce kowa a wurin kamar turaku biyu na rumfa ɗaya. Sojan, don ya ƙara wa manya nishaɗi, ya ce ga wani tsoho nan ya ce wai shi ya haife ka.

Babaji ya dubi mutumin da hannayensa ke sama. Sajo, a karo na farko a rayuwarsa, bai kau da kai ba. Yaron ne ya kau da nasa.

"Baffana ne. Ku bar shi ya shiga."

Har yau ba a daidaita a Yerimaram kan wannan amsa ba. Wasu na cewa yaro mai tarbiyya ba zai canja sunan da ya taso da shi a gaban jama'a ba. Wasu na cewa kyamara ya gani. Malam Sesugh, da aka matsa masa, ya ce shi wasanni yake koyarwa.

Aka shigar da Sajo da girmamawa, aka ba shi kujerar gaba. Shugabar gidauniyar ta yi farin ciki ƙwarai da ganinsa, ta ce irinsa ne ƙasa ke bukata, mutumin da bai haifa ba amma ya riƙa. Aka kira shi kan dandamali aka ba shi allon yabo na katako, aka tsayar da shi kusa da Babaji aka ɗauki hoto. Wani mai sharhi daga baya ya ce abin mamaki ne yadda zama tare ke sa mutane su yi kama. Aka miƙa masa makirufo. Sajo ya riƙe abin da hannu biyu, ya dubi allon, ya dubi ƙasa.

"Allah ya jiƙan uban yaron nan," ya ce.

Ɗakin ya amsa da amin mai ƙarfi. Wasu mata sun share hawaye.

Allon bai hau bango ba. Mairam ta same shi daidai bakin randa, ta mai da shi murfi. Sajo ya koma Kara, ya rage zuwa aski, gashinsa ya samu ya huta. Babaji ya koma wata babbar ƙungiya a Legas, yana aiko da saƙo da kaya a kai a kai ta hannun Sesugh, kullum da gaisuwa ga Baffa.

Wata Laraba wani bijimi ya matse Sajo a jikin ƙarfen tirela. Ya ce ba komai, ya gama ɗaurin, ya kwanta a gida bai ƙara tashi ba. Aka yi jana'izarsa kafin azahar. Sesugh ya buga wa Babaji waya ya ce ko bai samu jana'iza ba, ya zo zaman makoki, uwarsa na nan zaune. Ƙungiyar tasu na tsakiyar wasannin ƙarshe na shekara, kuma dokarsu a bayyane take: ana ba ɗan wasa hutu idan uba ko uwa suka rasu, ban da sauran dangi. Uban Babaji kuwa duk ƙasa ta san ya riga ya rasu. Yaron ya tambayi Sesugh a waya me zai ce musu. Sesugh ya ce ai ya san abin da zai ce. Sai layin ya yanke, kuma layin Potiskum dama yana yawan yankewa.

Bai zo ba. Ƙungiyar ta fitar da saƙon ta'aziyya mai kyau kan rasuwar baffansa. A wasan da ya biyo baya ya yi bajinta, kuma duk ƙwallon da ya zura sai ya nuna sama sau biyu. Masu sharhi suka gane nan take, suka bayyana wa ƙasa cewa na farkon na mahaifinsa ne.

Zoben ƙarfen yana nan a jikin darbejiya, ya yi tsatsa, ɓawon bishiyar ya fara haɗiye ƙusoshin. Baƙi kan zo su ɗauki hotonsa a matsayin kwandon da maraya ya kafa da hannunsa. Mairam ba ta hana su. Idan suka tambaye ta ko wace ce, sai ta ce matar gidan ce. Idan suka tambaye ta zoben, sai ta ce mai gidan ya ce na rataye guga ne, amma tun da ya tafi babu wanda hannunsa ke kaiwa.